CUTAR ƊIGON GANYE: Ɓarnar Da Manomi Ke Ɗauka Alamar Nuna Ce

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Gumel, ko daga Katsina zuwa Daura, cikin ƙarshen watan Agusta ko farkon Satumba, in ya tsaya ya leƙa gonakin gyaɗar da ke bakin hanya, zai ga ganyen ƙasa-ƙasa ya yi ɗigo-ɗigo, wasu masu ruwan ƙasa, wasu baƙaƙe, sai ka ce an yayyafa masa tawada. In ya sa hannu ya kaɗa gindin gyaɗar, sai ganyen ya yi ta zubowa kamar na itace cikin hunturu. In kuwa ya tambayi mai gonar ko mene ne wannan, amsar da galibi zai ji ita ce, ai gyaɗa ce ta fara nuna, ta kusa isa cira.

Ba manoman ƙasar Hausa kaɗai ke da wannan fahimta ba, malaman gona sun sha jin irinta a arewacin Gana da wasu sassa na Afirka ta Yamma. Ba kuwa abin zargi ba ne. Abin da mutum ya tashi ya tarar yana faruwa kowace damina a gonar ubansa, kuma yana zuwa daidai lokacin da amfani ya doshi nuna, da wuya ya kira shi cuta. Amma gaskiyar magana ita ce cuta ce, kuma binciken da aka daɗe ana yi a ƙasashe masu zafi ya nuna cewa a inda ba a ɗauki wani mataki ba, tana iya cinye kashi 50 cikin 100 na gyaɗar da gona za ta bayar. In ta haɗu da 'yar'uwarta cutar tsatsa, hasarar takan kai kashi 70 cikin 100. Watau mai buhu goma sai ya tashi da biyar ko uku, ya yi hamdala, bai ma san an yi masa sata ba.

Kuma ba gyaɗa kaɗai take kamawa ba. Akwai irinta a wake, da riɗi, da dawa, da shinkafa, da kuɓewa, da yakuwa, da albasa, da tumatir. Akwai ta kuma a itatuwa da tsirran da muke shan ganyensu don magani, irin su zogale da ɗoɗɗoya da filasko. A nan ne ma lamarin ya fi wuyar sha'ani, kamar yadda za mu gani.

MENE NE KE KAWO TA?

Abin da ke kawo ɗigon nan wata halitta ce dangin funfuna, watau irin abin nan da kan fito a kan tuwon da ya kwana biyu, ko a jikin takalmin fatar da aka ajiye a ɗaki mai laima. Bambancin kawai shi ne wannan funfunar a jikin ɗanyen ganye take rayuwa. Ba ta da saiwa, ba ta da kore, saboda haka ba ta iya dafa wa kanta abinci, sai dai ta ci na wani. Jikinta zare-zare ne ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin nan na likita mai ƙara girman abu. Irin da take yaɗuwa da shi kuwa ya fi ƙurar gari laushi, tabo guda ɗaya yana iya fitar da shi bila adadin.

Masana sun kasa waɗannan funfuna dangi-dangi. Biyu daga cikinsu ne suka fi damun manomanmu: dangin da ake kira Sarkosfora da wanda ake kira Altanariya. Yawancin 'ya'yan dangin farko masu zaɓen abinci ne, kowanne da tsiron da yake kamawa. Wanda ke kama gyaɗa ba ya kama gero ko dawa, na riɗi daban, na wake daban. Wannan magana a riƙe ta, don a kanta ne babban maganin cutar ya ginu. Dangi na biyu kuwa akwai maras zaɓe a cikinsa, wanda kan faɗa wa kusan duk tsiron da ya samu ya raunana. Ana gane tabonsa da zobba-zobba, wani cikin wani, kamar ɗinkin faifai.

A gyaɗa, cutar iri biyu ce. Akwai ta farko, wadda kan ɓullo kimanin wata guda bayan shuka. Tabonta mai ruwan ƙasa ne, kewaye da wani zobe rawaya, kuma a saman ganye take fitar da irinta. Akwai ta biyu, wadda kan zo daga baya, bayan an yi kamar wata biyu. Tabonta ya fi baƙi, ya fi kewaya, zoben rawayan bai cika fitowa ba, kuma in ka juya ganyen za ka ga ƙasansa ya yi gurzai-gurzai. Wannan ta biyun ta fi saurin kakkaɓe ganye. Mutanen Indiya, waɗanda su ma manyan manoman gyaɗa ne, duka biyun suna kiransu da suna ɗaya, tikka.

Yadda abin ke faruwa kuwa shi ne, iska ko tsartuwar ruwan sama kan ɗauko irin funfunar daga ƙasa ta ɗora shi a kan ganye. In ganyen a bushe yake, ba abin da zai faru. Amma in ya jiƙe da ruwa ko raɓa, ya daɗe bai tsane ba, ga kuma ɗumi na digiri 25 zuwa 30, sai irin ya tsira, ya zura zarensa ta ƙananan ƙofofin da ganye ke numfashi da su, ya shige ciki. Daga nan sai ya yi kwana 10 zuwa 14 yana ci a ɓoye kafin tabo ya bayyana. Ke nan ɗigon da manomi ya gani yau, tun mako biyu da suka wuce ɓarawon ya shiga gida. Da tabo ya balaga sai ya fitar da sabon iri, iska ta kai shi ganyen sama da gindin da ke kusa, a sake sabon zagaye. Kafin marka ta wuce an yi zagaye da dama, gona duka ta kamu.

Wani abin mamaki da masana suka gano shi ne, da dama daga cikin dangin Sarkosfora suna fitar da wani dafi mai launin ja wanda ba ya aiki cikin duhu, sai hasken rana ya taɓa shi sa'an nan ya kashe naman ganyen da ke kewaye. Rana ɗin da tsiro ke dogara da ita don samun abinci, ita funfunar ke mayarwa makami.

HASARA BIYU A GONA ƊAYA

Ganye shi ne madafar tsiro. A cikinsa ne ake haɗa hasken rana da iska da ruwan da saiwa ta jawo, a dafa abincin da zai gangara ya cika ƙwaya. Gyaɗa kuwa cikin makonnin ƙarshe take cika. In ganye ya zube a wannan lokaci, kamar an kashe wuta ne tun tukunya ba ta tafasa ba. Sai a sami ƙwanso da yawa, ƙwaya a motse, buhu ba nauyi, mai kuma ya yi ƙaranci a hannun mata masu ƙuli-ƙuli.

Bugu da ƙari, jijiyar nan da ke riƙe da ƙwanso a cikin ƙasa takan yi rauni in uwar ta galabaita. Ranar cira sai ta tsinke, gyaɗa mai yawa ta maƙale a ƙasa. Mata da yara masu roro su samu nasu, ɓeraye su samu nasu, saura kuma ya tsira gyauro da ruwan farko. Gyauron nan kuwa shi ne masaukin cutar, a kansa take fara tashi kafin ta tsallaka zuwa sabuwar shuka.

Hasara ta biyu ita ce ta harawa. Wanda ya taɓa turke rago don Babbar Salla ya san darajar harawar gyaɗa cikin rani, ya kuma san cewa ganyen ake saya, ba karan ba. Akwai shekarun da kuɗin da manomi kan samu a harawa yakan yi kusa da na gyaɗar kanta. To, gonar da ɗigo ya kakkaɓe ba ta ba da komai sai tsirarun kara, waɗanda dabba kan shinshina ta kau da kai.

Mai karatu na iya tambaya, in har ɓarnar ta kai haka, me ya sa ba a jin sunan cutar kamar yadda ake jin na fari ko na fara? Dalili shi ne ba ta yin kisa farat ɗaya. Dattawa ba su manta da shekarar 1975 ba, sa'ad da kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta halaka kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a arewacin Nijeriya, ana fitowa daga matsanancin farin 1972 zuwa 1973. Tun daga nan dalar gyaɗar Kano, wadda ta sa aka san ƙasar nan a kasuwannin duniya cikin shekarun 1950 da 1960, ba ta sake tashi kamar da ba. Irin wannan annoba kowa na ganinta, Gwamnati ta tashi tsaye, jaridu su buga. Amma ɗigon ganye ba haka yake ba. Shi kowace shekara yake zuwa, ya karɓi rabonsa ba hayaniya, kamar mai karɓar haraji. A ganina, in da za a tara abin da ya ci cikin shekaru masu yawa, da ba za a ci gaba da kallonsa a matsayin ƙaramin abu ba.

IN GANYEN NE AMFANIN GONA FA?

Mu bar gonar gyaɗa, mu shiga lambu da bayan gida. A gyaɗa, ganye ma'aikaci ne, ƙwaya ake nema. Amma a zogale, da shuwaka, da ɗoɗɗoya, da na'a-na'a, da filasko, da lalle, ganyen shi ne amfanin gonar gaba ɗaya. Shi ake tsinka, shi ake shanyawa, shi ake dakawa, shi 'yar mai ganye ke kasawa a kasuwa, shi ake jiƙawa ko a tafasa a ba maras lafiya. Duk tabon da ya fito a kansa, kai tsaye ya taɓa abin da za a sa a baki.

A da, masu magani daji suke shiga su ɗebo abin da suke bukata, gindi ɗaya a nan, wani can nesa, cuta ba ta samun hanyar tsallakawa da sauƙi. Yanzu kuwa daji ya ja baya, bukata ta ƙaru, an koma noman waɗannan tsirrai a fili guda. Masu noman zogale don ganye sukan shuka shi a cunkushe kamar alayyafo, su riƙa yanka bayan kowane wata ɗaya da rabi. Wannan dabara tana ba da ganye mai yawa, amma tana kuma haɗa wa funfuna duk abin da take so: inuwa, da laima, da abinci iri ɗaya a jere. An tabbatar da ɗigon ganye na dangin Sarkosfora a zogale da ɗoɗɗoya da yakuwa, na dangin Altanariya kuma a filaskon da ake nomawa a Indiya.

Abin bai tsaya ga muni a ido ba. Ƙarfin magani yana cikin wasu sinadarai ne da tsiro ke haɗawa a cikin ganyensa, kuma cuta tana iya taɓa su. A shekarar 2008 wasu masana a Indiya suka buga sakamakon binciken da suka yi kan wani tsiron magani da suke ji da shi ƙwarai, mai suna ashwaganda, inda suka nuna cewa ganyen da ɗigo ya kama yana da ƙarancin sinadaran da ake shansa dominsu in an gwada shi da lafiyayye. Ma'anar wannan a fili take. Mai magani zai auna cokalin da ya saba aunawa, maras lafiya ya sha yadda aka ce masa, amma abin da ke cikin cokalin ya ragu. In bai ji sauƙi ba, sai a ce maganin banza ne, ko a ce jininsa bai haɗu da shi ba, alhali kuwa tun daga gona aka sami matsala.

Har wa yau, an san cewa wasu daga cikin dangin Altanariya suna barin dafi a jikin abin da suka kama, dafin da tafasawa ba ta cika kashe shi ba. Kuma ganyen da ya riga ya ji rauni, in aka tara shi da laima, ya fi saurin kama wasu funfunan na ajiya. Da zarar an daka shi ya zama gari kuwa, magana ta ƙare, ba mai iya bambanta mai tabo da maras tabo. Mai saye ya dogara ne kacokan ga amanar wanda ya tsinko. Masu jego da ƙananan yara da tsofaffi, waɗanda su ne suka fi shan irin waɗannan magunguna, su ne kuma jikinsu ya fi rauni.

Kada dai a ɗauka duk wani tabo a ganye funfuna ce. Akwai cizon ƙwari, akwai ƙunar rana, akwai ƙunar maganin feshi da aka cika masa ƙarfi, akwai rashin taki, akwai kuma wasu ƙwayoyin cuta na daban waɗanda tabonsu kan yi kamar an ɗiga mai. Akwai wata 'yar dabara da kowa zai iya gwadawa a gida. A tsinko ganyen, a sa shi cikin leda tare da tsumma mai laima, a ɗaure, a ajiye a inuwa kwana ɗaya ko biyu. In funfuna ce, sau da yawa za a ga wani gashi-gashi mai laushi, toka-toka ko baƙi, ya fito a tsakiyar tabon. In an yi shakka, sai a kai wa malamin gona.

ABIN DA YA FARU A WASU ƘASASHE

Don kada a ce ana kambama abu ne, ga abin da tarihi ya rubuta. A shekarar 1942 cutar ɗigon ganye mai ruwan ƙasa ta faɗa wa shinkafa a lardin Bengal na ƙasar Indiya, bayan an yi ta ruwa da lumshi ba kan lokaci ba. Shekarar da ta biyo baya, 1943, aka yi yunwar da ta kashe mutum miliyan 2 zuwa 3. Masana tarihi sun nuna cewa Yaƙin Duniya na Biyu da tsadar hatsi da sakacin mahukuntan mulkin mallaka suna da babban kaso a wannan masifa, amma cutar tana cikin abubuwan da suka rage shinkafar tun daga gona. Wannan cuta ɗin tana nan a fadamunmu, kuma an san ta da fi wa shinkafar da ba ta sami taki ba ƙarfi, tana kuma bin iri.

A Amurka kuwa, cikin 1970, wata funfuna mai ƙona ganye ta cinye kimanin kashi 15 cikin 100 na masarar ƙasar baki ɗaya. Dalili shi ne kusan kashi 85 cikin 100 na masarar da aka shuka a shekarar tsatsonta ɗaya ne ta wajen uwa, kuma wannan tsatso ba ya jure cutar. Ƙasa mai kuɗi da injuna da jiragen feshi ke nan, amma zuba ƙwai duka a kwando ɗaya ya ja mata.

MAGANIN FESHI DA IYAKARSA

Asalin maganin feshi na funfuna yana da labari mai ban dariya. A shekarar 1882 wani shaihin malami mai nazarin tsirrai a Jami'ar Bodo ta ƙasar Faransa, mai suna Millardet, ya lura cewa kurangar inabin da ke bakin hanya ganyenta na nan kore shar, alhali na cikin gona cuta ta kakkaɓe shi. Da ya bincika sai ya tarar masu gonar sun yayyafa mata wani haɗi ne na shuɗin gishirin jan ƙarfe da farar ƙasa, don masu wucewa su ga kamar guba ce su daina sata. Maganin ɓarayi sai ya zama maganin cuta. Ya gwada, ya bayyana wa duniya a 1885, kuma har gobe ana amfani da magungunan jan ƙarfe a gonaki.

Daga baya aka ƙago wasu, irin su mankozeb da kulorotalonil, waɗanda ke aiki sosai a kan ɗigon gyaɗa. Ƙa'idarsu ita ce a fara feshi da zarar an ga tabon farko a ganyen ƙasa, ko kimanin kwana 30 zuwa 40 bayan shuka, a riƙa maimaitawa bayan kwana 14. Waɗannan magunguna kariya suke yi, ba sa warkar da tabon da ya riga ya fito, saboda haka wanda ya jira sai gona ta yi baƙi sa'an nan ya ɗauko injin feshi, kuɗinsa ya zubar.

Amma akwai abubuwa da ya kamata a faɗa wa manomi, waɗanda mai sayar da magani a bakin kasuwa ba zai faɗa masa ba. Na farko, funfuna tana sabawa da magani. A Amurka an yi ta fesa wa gyaɗa wani magani mai suna benomil a farkon shekarun 1970, cikin 'yan shekaru kaɗan ya daina kashe cutar. Na biyu, takardar da ke jikin kulorotalonil a can Amurka ta hana a ba dabbobi harawar gonar da aka fesa, mu kuwa harawa rabin arzikinmu ce. Na uku, gwaje-gwajen da aka yi kan dabbobi sun nuna cewa mankozeb in ya rube, musamman in ya ji wuta, yana komawa wani sinadari mai taɓa halittar nan ta wuya wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo. Tarayyar Turai ta janye iznin amfani da kulorotalonil a 2019, ta kuma janye na mankozeb a ƙarshen 2020. Ita ce kuma ta dakatar da sayen busasshen wake daga Nijeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a jikinsa, abin da ya kamata ya zama hannunka mai sanda ga masu son fitar da garin zogale waje.

To, in haka lamarin yake a gyaɗa, wadda ƙwayarta ke cikin ƙwanso, ƙwanso kuma cikin ƙasa, ina ga ganyen da za a tsinka yau a tafasa wa mai jego gobe? A nan ra'ayina bai da kwana-kwana: ganyen magani da na miya ba wurin gwajin feshi ba ne. In ya zama dole, sai da shawarar malamin gona, da maganin da ke da lambar Hukumar NAFDAC, kuma a cika kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba kafin a tsinka. Wasu kan jiƙa dakakken ganye ko 'ya'yan darbejiya su fesa. An gwada wannan, yana ɗan ragewa, amma bai kai maganin kanti ƙarfi ba, kuma yana barin ɗaci.

AIKIN DA BA YA CIN KUƊI

Abin farin ciki shi ne, raunin wannan cuta yana hannun manomi. Funfunar gyaɗa ba ta iya daɗewa a cikin ƙasa tsura, a jikin tarkacen ganyen bara da gyauro take ƙetare rani. Kuma mun riga mun ce mai zaɓen abinci ce. Saboda haka wanda ya kwashe harawarsa tsaf, ya binne sauran tarkace da huɗa, ya tuge gyauro tun yana ƙarami, sa'an nan ya sa gero ko dawa ko masara a wurin shekara biyu kafin ya komo da gyaɗa, ya yanke mata hanya. Zai ga ɗigo dai, tun da iska ba ta san iyakar gona ba, amma zai zo a makare, bayan gyaɗa ta yi nisa da cika. A wannan cuta kuwa, jinkirin mako biyu ko uku shi ne bambancin riba da faɗuwa. Shuka da wuri, da zarar damina ta zauna, ita ma tana ba da irin wannan rata.

Batun tazara kuwa yana bukatar hankali. Buɗe tsakanin shuka yana sa iska ta ratsa, ganye ya tsane da wuri. Amma a gyaɗa an san cewa gonar da ta yi sarari da yawa ita darɓa ta fi sauka a kai, ta kawo kuturta. Kada garin gudun gara a faɗa gidan zago. A gyaɗa a bi tazarar da malaman gona suka tsara wa irin da aka shuka. A lambu ne ya kamata a saki hannu, a rage cunkoson zogale da ɗoɗɗoya, a sassabe rassan ƙasa, a nome ciyawa.

Masu noman rani su ma su lura. Iskar hunturu busasshiya ce, ba ta yi wa funfuna daɗi, amma mai lambun da ke watsa ruwa ta saman ganye da la'asar sakaliya ya ƙago wa kansa damina, don ganyen zai kwana a jiƙe. A ba da ruwa da safe, a gindi, ta cikin kwari. Kada a shiga tsinkar ganye da raɓa, gama hannu da riga suna ɗaukar cutar daga gindi zuwa gindi. Ganyen da ya kamu a cire shi a ƙone ko a binne, kada a jefar a bakin rijiya. A riɗi da shinkafa, inda cutar ke bin iri, kada a ɗebi irin baɗi daga gonar da ta kamu, kuma a cuɗa shi da maganin iri kafin shuka.

Ta wajen ingantaccen iri kuma an yi aiki. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda asalinta ya faro tun 1922, ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta fitar da jerin irin gyaɗa masu suna SAMNUT tare da haɗin gwiwar cibiyar ICRISAT, wadda ke da hedkwata a Indiya da rassa a Kano da Sadore kusa da Yamai. An fi ba da ƙarfi ga jure kuturta da saurin nuna. SAMNUT 24, wadda aka fitar a 2011, tana nuna cikin kimanin kwana 90, kuma irin da ke nuna da wuri yakan tsere wa mafi munin ɗigo na biyu. Sai dai babu irin da za a shuka a naɗe hannu, kuma abin da ya sami masarar Amurka ya isa ya hana gari guda ya dogara ga iri ɗaya.

Saura tambayar da muka fara da ita: in zubar ganye ba alamar nuna ba ce, da me manomi zai gane gyaɗarsa ta isa cira? Sai ya ƙidaya kwanakin irin da ya shuka. In sun kusa cika, ya tuge gindi biyar ko shida daga sassa daban-daban na gonar, ya ɓare ƙwanson duka, ya duba cikin ɓawon. In ya ga bakwai ko takwas cikin kowane goma cikinsu ya yi duhu, ƙwayar ta cika ɓawon, fatarta ta yi launin irin, to, ta nuna, ko da kuwa ganyenta na nan kore. In kuwa cikin ɓawon fari ne fat da laushi kamar auduga, gyaɗa ba ta isa ba, ko da ganye ɗaya bai rage a kanta ba.

Mai tsinkar ganyen magani kuwa, aikinsa na farko shi ne tsincewa tun yana ɗanye, kafin shanya ta ɓoye tabo. Ya ware mai ɗigo gefe guda, ya wanke mai kyau da ruwa mai tsabta, ya baza shi sama-sama a kan tabarma ko gado, a inuwar da iska ke ratsawa, ba a ƙasa ba, yana juyawa har ya bushe ƙayau yana karyewa a hannu, sa'an nan ya zuba a mazubi busasshe mai murfi, nesa da bango da daɓen ɗaki.